Fashin Baƙi: Fim Ne Ya Zana Wa Duniya Hoton Amurka, To Fim Zai Iya Gyara Shi?

Wace ce Amurka ta gaskiya, wadda muka taso muna gani a fim ko wadda 'yan uwanmu mazauna can suke turo mana a waya? Duk ranar da wani ya saka bidiyon unguwar Skid Row ta Los Angeles ko Kensington ta Philadelphia, tantuna jere a bakin titi, mutane a sunkuye ƙwaya ta gama da su, sai ka ga kwament ya cika maƙil, wasu na rantsuwa wallahi wannan ba Amurka ba ce haɗa shi aka yi, wasu kuma na cewa ai dama haka ƙasar take fim ne kawai ya rufe mana ido. In kuma ofishin jakadancinsu ya shirya nuna fim a wata jami'a ko ɗakin karatu sai wata rigimar ta tashi, wai an zo wanke wa yaranmu ƙwaƙwalwa.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne ita kanta gwamnatin Amurka ta haura shekara 80 tana kokawa da hoton da Hollywood ta zana wa ƙasar, kuma makamin da ta ɗauka don wannan kokawar shi ne dai fim ɗin. Wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci kuma reshe ya juye da mujiya.

Wane hoto ne ake son gyarawa?

Maganar duk a kan kuɗin goro ce, wato ka ga mutum goma a allo ka yanke wa mutum sama da miliyan 330 hukunci da su. Ka tambayi duk wanda bai taɓa zuwa ba ya siffanta maka Amurka, zai ce maka kowa mai kuɗi ne, kowa da bindiga a ƙugu, babu addini babu tarbiyya yaro yana kiran ubansa da sunansa, baƙar fata in ba ɗan daba ba ne to mawaƙi ne ko ɗan ƙwallon kwando, Musulmi kuwa a ɓoye yake sallah.

Kowanne daga ciki akwai ƙwayar gaskiya, shi ya sa ma yake da wuyar kankarewa. Ɗauki maganar bindiga. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar harbi a ƙasar, wannan ba ƙaramin bala'i ba ne, amma fiye da rabinsu su suka harbe kansu, ba musayar wuta a kan titi irin ta fim ba, kuma kusan mutum 3 ne kacal cikin manya 10 ke cewa sun mallaki bindiga. Maganar kuɗi ma haka. Alƙaluman gwamnatinsu na 2023 sun nuna mutum miliyan 36.8 na cikin talauci, ƙidayar da aka yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 kuma ta samu sama da mutum 770,000 ba su da muhalli. Sai dai fa talaucin can da ma'auninsa, iyali mai mutum huɗu da ke samun ƙasa da wajen dala 30,000 a shekara shi ake kira matalauci, kuɗin da in ka canza shi naira sai ka ce mutumin nan ai alhaji ne, alhali kuɗin haya da inshorar lafiya sun cinye shi tun kafin wata ya raba.

Addini kuwa nan ne fim ya fi yi wa mutane rufa-ido. Kusan kashi 30 cikin 100 na Amurkawa suna zuwa wurin ibada kowane mako ko kusan haka, akwai garuruwa a kudancin ƙasar da har yau doka ta hana sayar da giya a cikinsu, akwai 'yan Amish, wata ɗariƙar Kiristoci, a jihohin Pennsylvania da Ohio da Indiana da ba sa tuƙa mota sai keken doki, matansu kai a rufe. Wani bincike na 2020 ya ƙirga masallatai 2,769 a ƙasar, a garin Hamtramck na jihar Michigan kuwa zaɓen 2021 ya samar da magajin gari Musulmi da kansiloli duka Musulmi. Yaushe rabon da ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a fim ɗin da aka fassara maka da Hausa?

Me ya sa Hollywood take nuna abin da take nunawa?

Kasuwa ce, ba wani abu ba. Hollywood ba ma'aikatar gwamnati ba ce, kamfanoni ne masu neman riba, kuma manyan finafinansu sukan samo fiye da rabin kuɗinsu daga wajen Amurka. Fim ɗin da zai ci kasuwa a Sin da Brazil da Legas lokaci guda dole ya zama wanda ba ya buƙatar dogon bayani, to fashewar bam da tseren mota da naushi kowa na gane yarensu. Labarin malamin firamare a wani ƙauyen Iowa da ke fama da bashin karatu wa zai sayi tikiti ya kalla?

Mu ma mun san wannan a gida. Wanda bai taɓa taka Kano ba ya zauna ya kalli finafinan Kannywood guda hamsin, zai rantse kowane gida bene ne mai falo uku, kowace budurwa da motarta, kuma aikin mutanen gari kullum soyayya da rikicin kishiya. Ba ƙarya masu fim suka shirya yi ba, abin da ke sayuwa suka bi.

Mu kuma a nan abin da ya iso mana ma tacacce ne daga cikin tacacce. Tun zamanin sinimomi irin su Rex da Palace da Plaza da El Dorado a Kano, abin da masu sinima ke kawowa na Amurka shi ne kaboyi da na yaƙi, saboda ko ba ka jin Turanci za ka gane wane ne jarumi wane ne bos. Aka zo zamanin kaset da gidajen kallo, Rambo da Commando suka karɓe, yanzu kuma masu fassara ma irin waɗannan suke zaɓa don su ne ake tura wa a waya. Ko su kaboyin ma an yi musu kwaskwarima, masana tarihi sun kiyasta kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan shanun yammacin Amurka bayan yaƙin basasarsu baƙaƙen fata ne, amma a allo sai ka ga duk farare tas.

Akwai kuma hannun soja, wannan ba zargi ba ne a fili yake. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin hulɗa da masu fim, in kana son a ba ka aron jirgin yaƙi ko sansani sai ka kai musu rubutun labarin su duba, in bai yi musu ba su ce a gyara ko su janye. Top Gun na 1986 da taimakon sojan ruwa aka yi shi. Wato dai gwamnatin da ke kukan an ɓata mata suna da finafinan harbe-harbe, wani ɓangarenta ne ke ba da aron kayan harbin.

Yadda gwamnati ta fara mayar da martani da nata fim ɗin

Lokacin yaƙin duniya na biyu ne abin ya fara da gaske. An kafa ofishin yaɗa labaran yaƙi a 1942, jami'ansa suka lura cewa mutanen Turai da za a je 'yantarwa abin da suka sani game da Amurka shi ne 'yan fashin Chicago da kaboyi da attajirai masu sharholiya. Sai aka ɗauko Robert Riskin, wanda shi kansa babban marubucin Hollywood ne, ya jagoranci shirya gajerun finafinai da aka kira Projections of America, aka fassara su harsuna da dama ana nunawa a garuruwan da aka kori sojojin Hitler. Babu jarumi babu bos a cikinsu. Wani kan ɗan ƙaramin garin Madison ne a jihar Indiana, mutane na zuwa aiki da coci da zaɓe, wani kan 'yan gudun hijirar Turai da suka sauka a wani ƙauye a Massachusetts, akwai ma wanda motar jif ce ke ba da tarihin rayuwarta da bakinta.

Bayan yaƙi, a 1953 shugaba Eisenhower ya kafa hukumar USIA mai yaɗa labaran Amurka a ƙasashen waje, ita ce ta riƙe wannan aiki har aka rushe ta a 1999 aka mayar da shi ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Suna da ɗakunan karatu a ƙasashe, suna da motoci masu janareto da ke shiga ƙauyuka su kafa farin ƙyalle. Dattawanmu ba baƙon abu ba ne a wurinsu, haka Turawan Ingila suka riƙa yi da majigi a ƙofar fadar sarki ko hakimi, a nuna maka yadda ake noman gyaɗa da tsaftar gida a haɗa da labarin Sarauniya.

Babban ciwon kan Amurka a lokacin shi ne wariyar launin fata, kuma wannan ba Hollywood ce ta ƙirƙira ba. A Satumbar 1957 a garin Little Rock na jihar Arkansas, yara baƙaƙe tara suka je shiga makarantar sakandaren da kotu ta ce a daina ware ta ga farare, gwamnan jihar Orval Faubus ya sa dakaru suka tare ƙofa. Hoton ɗaya daga cikinsu, Elizabeth Eckford, yarinya 'yar shekara 15 rungume da littafinta tana tafiya ita kaɗai, farare na biye da ita baki buɗe suna zagi, ya zaga duniya kaf. Tarayyar Sobiyat ta samu abin nema, ƙasashen Afirka kuma a daidai lokacin suke karɓar 'yancin kai, Ghana ma a shekarar ta samu nata. Da wane baki za ka ce musu ku biyo ni ni ne uban 'yanci?

A nan ne aka yi abin da ni a ganina shi ne darasin duk wannan tarihi. Maimakon a musanta, sai USIA ƙarƙashin tsohon ɗan jarida Edward R. Murrow, da matashin da ya ɗauko ya riƙe sashen fim George Stevens Jr., suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka yi The March a kan gangamin Washington na Agustan 1963 inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa, aka yi Nine from Little Rock a 1964 wanda ɗaya daga cikin yaran tara, Jefferson Thomas, ya koma makarantar ana bin inda kowannensu ya kai a rayuwa, har fim ɗin ya ci kyautar Oscar. Saƙon shi ne eh muna da wannan cuta, amma ga shi muna magani a bainar jama'a. Wasu 'yan majalisa ransu ya ɓaci, suna ganin ana tona wa ƙasa asiri da kuɗin haraji. Farfaganda ce? Ƙwarai kuwa, an zaɓi inda za a tsaya da labarin don ya ƙare da daɗi. Amma ta fi shiga kai saboda ta fara da amsa laifi.

Wani abin mamaki, su Amurkawan ba a yarda su kalli waɗannan finafinai a gida ba, saboda tsarin dokar Smith-Mundt ta 1948 da gyare-gyarenta ya hana gwamnati tallata kanta ga 'yan ƙasarta, sai da majalisa ta yi doka ta musamman kafin a nuna wanda aka yi kan shugaba Kennedy bayan kashe shi. Shi kansa Murrow ɗin ma bai tsira ba, a 1960 yana gidan talabijin na CBS ya yi wani shiri mai zafi, Harvest of Shame, kan wahalar 'yan ƙwadagon gona, da ya zama shugaban USIA a 1961 sai ga shi yana roƙon BBC kada su nuna shirin nasa. Suka ƙi, suka nuna. Kujera kenan.

Mai kallo ba ya ganin abin da aka aiko shi ya gani

Wannan shi ne inda lissafin masu farfaganda na kowane ɓangare ke rushewa. Ana yawan ba da labarin yadda hukumomin Sobiyat suka bari a nuna The Grapes of Wrath, fim ɗin 1940 kan manoman da fari da bashi suka kora daga gonakinsu, don jama'a su ga yadda jari-hujja ke wulaƙanta talaka, sai 'yan kallo suka fito suna mamakin ashe a Amurka ko wanda ya tsiyace yana da mota. A Romaniya ma zamanin shugaban kwaminisanci Ceausescu an bar shirin Dallas ya shiga talabijin don a ga lalacewar attajiran Amurka, mutane kuwa gidajen da motocin suka tsaya kallo.

Amurka ita ma ta sha irin wannan. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 Charlotte Beers, ƙwararriya a harkar tallan kaya, ta kama aiki a ma'aikatar harkokin waje don ta gyara sunan ƙasar a duniyar Musulmi. A ƙarshen 2002, daidai azumi, aka fitar da gajerun bidiyoyi ƙarƙashin shirin Shared Values wanda aka ware wa kimanin dala miliyan 15: ga mai gidan burodi a Toledo ta jihar Ohio, ga malamar makaranta da ɗankwalinta, ga ma'aikacin agajin gaggawa a hukumar kashe gobara ta New York, kowa na cewa yana addininsa ba mai takura masa. An nuna a Indonesiya da Pakistan da wasu ƙasashe, Masar da Labanon suka ƙi sakawa a tashoshin gwamnatinsu, cikin ɗan lokaci aka dakatar, ita kuma ta ajiye aiki a Maris 2003, watan da aka afka wa Iraƙi. Mutanen cikin bidiyon ba ƙarya suka yi ba. Matsalar ita ce an amsa tambayar da ba a yi ba, jama'a na tambayar Falasɗinu da Afganistan da Iraƙi, ana ba su amsa da mai burodi.

Yadda ake yi a yanzu

Salon ya canza. Maimakon gwamnati ta shirya nata, sai ta zaɓo finafinan da masu zaman kansu suka riga suka yi, yawanci na gaskiya ba na wasa ba, ta tura su ofisoshin jakadanci tare da wanda ya shirya fim ɗin ko wani masani, a nuna, a yi tambaya da amsa, wani lokaci a haɗa da bita ga matasa masu koyon harkar. Shirin American Film Showcase kenan, wanda aka fara wajen 2012 da haɗin gwiwar makarantar koyon fim ta jami'ar Kudancin California. Irin waɗannan nune-nunen a ɗakunan karatun ofishin jakadancin da ake kira American Corner ake yawan yin su, akwai a Kano da wasu garuruwan Najeriya.

Kuma gaskiya finafinan da suka fi rusa kuɗin goron ba su da alaƙa da gwamnati ma. Nomadland da ya ci babbar kyautar Oscar a 2021, labarin wata dattijuwa ce farar fata da kamfanin garinsu a Nevada ya rufe, garin ya watse, ta koma kwana a cikin motarta, tana aikin wucin gadi a rumbun kayan Amazon, bokiti ne bayan gidanta, kuma yawancin waɗanda suka fito a ciki mutanen da ke wannan rayuwar ne da gaske. Hoop Dreams na 1994 ya bi yara biyu baƙaƙe a Chicago shekara da shekaru suna mafarkin zama 'yan ƙwallon kwando, kana kallo ana yanke wa gidan ɗayansu wuta. Fordson na 2011 kuma 'yan wasan wata sakandare ne a Dearborn, yawancinsu Larabawa Musulmi, suna atisaye da azumi a bakinsu. Wanda ya kalli ukun nan zai fi wanda ya kalli finafinan harbi ɗari sanin ƙasar.

Masu yabo da masu suka

Masu goyon baya suna cewa gani ya kori ji, kuma tunda ba kowa zai samu zuwa ba gara a kawo masa hoton da ya fi kusa da gaskiya. Suna kafa hujja da abin da Joseph Nye na jami'ar Harvard, wanda ya rasu a 2025, ya yi ta faɗa tun 1990, cewa ƙasa na iya samun abin da take so ta hanyar sa mutane su so ta, ba sai da bindiga ko kuɗi ba.

Masu suka kuma kashi-kashi ne. Akwai masu cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, fim ɗin da ofishin jakadanci ya zaɓa ko ya nuna aibi to aibin da aka yarda a nuna ne, za ka ga na wariyar launin fata da na talauci, amma da wuya ka ga an kawo maka na jiragen da ba matuƙi ko na Guantanamo. Akwai 'yan siyasar cikin gida da ke ganin asarar kuɗi ce ko zubar da mutuncin ƙasa, wannan ma tsohon abu ne, a 1955 jakadiyar Amurka a Italiya Clare Boothe Luce ta matsa sai da aka cire Blackboard Jungle daga bikin finafinai na Venice don ya nuna ɗalibai marasa kunya.

Sukar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta uku. Ƙasar da ke kukan an yi mata kuɗin goro, masana'antarta ce ta fi kowa yi wa wasu. Jack Shaheen, Ba'amurke ɗan asalin Labanon, ya bi finafinai sama da 900 a littafinsa na 2001 ya nuna yadda aka mayar da Balarabe ɗan ta'adda ko attajiri mai kwaɗayin mata, mu Afirka kuwa daji ne da yunwa da yaro riƙe da bindiga. Ba'amurken da ya ji haushi don ka ɗauka kowa a garinsu ɗan kaboyi ne, shi ma fim ne ya sa yake tambayar ɗalibinmu ko da zaki a bayan gidansu.

To ina ruwan talaka da wannan?

Ruwansa a nan shi ne mutane na yanke shawarar rayuwa a kan hoton allo. Akwai mai sayar da gona ko fili ya miƙa wa ejan don an ce masa can kuɗi a ƙasa suke, bai san kiran motar asibiti kaɗai na iya jawo masa bashin sama da dala dubu ba, bai san mutum na haɗa aiki biyu ya yi ta tuƙin tasi har asuba don ya biya haya ya turo na cefane gida ba. Akwai kuma wanda ya samu gurbin karatu na halal iyaye suka hana saboda sun yi imani yaro na sauka zai bar sallah. Duka biyun fim ne ya yi musu lissafi.

Sannan ƙofar ma ƙara tsukewa take. An cire Najeriya daga cacar biza ta shekara-shekara tun zagayen 2015, a Yunin 2025 Chadi da Sudan suka shiga jerin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga, a Yuli kuma aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya. A Maris na shekarar ne kuma Sashen Hausa na Muryar Amurka, da ke magana da mu tun 1979, ya yi tsit bayan umarnin shugaba Trump na rage hukumar da ke kula da shi. Matashin da aka hana biza bayan ya biya kuɗin da ba a mayarwa, ko ka nuna masa fim goma kan karamcin Amurkawa abin da ya gani a tagar ofishin jakadanci shi zai riƙe.

Aikin da USIA ta yi da motoci da janareto yanzu ya koma hannun direban babbar mota ɗan Zariya ko ɗan Damagaram da ke ɗaukar bidiyo a tashar mai a Texas yana bayani da Hausa, da ɗalibar da ke nuna farashin tumatir a kanti, da masu zuwa sallar Idi a Bronx inda 'yan Ghana da Nijar suke da yawa. Su ma ba tsarkaka ba ne, wani ya jingina da motar da ba tasa ba don a ce ya samu, wani kuma unguwar 'yan ƙwaya kaɗai zai yi ta ɗauka saboda ita ke kawo masu kallo, kuma Facebook da TikTok abin da ya fi tayar da hankali suke turawa gaba, daidai lissafin da Hollywood ta yi tun farko. Bambancin kawai shi ne wannan kana iya shiga kwament ka tambaye shi nawa yake biyan haya, kuma sau da yawa zai faɗa maka.